Rabon Maraƙa da Injin Gwamnati

Malam, ka agaza mini don girman Allah, na rasa wanda zan kai wa wannan magana a duk garin Minna. In na faɗa wa mutanen wurin aikinmu, kafin azahar ta isa kunnen Bature. In na kai wa dangina, su maganar ta shafa. Matata Lauratu kuwa, Allah ya saka mata da alheri, duk abin da na kawo sai ta ce in yi haƙuri, har na fara jin nauyin sake tayar mata da zancen. Shi ya sa na sayi takarda na zauna. Kada ka buga sunana. Ka kuma yi haƙuri da tsawon zance, ni mutum ne da aka ɗauka aiki saboda bakinsa, ban iya gajarta magana ba.

Ni Bafillace ne, an haife ni a wata ruga bayan Bosso, wajen da ake ce wa Tudun Fulani. Da aka zo neman yaran da za a sa makaranta, ardonmu ya duba ya duba, ya ba da wanda ya fi kowa rashin iya kiwo, wato ni. Can na samo karatun boko da ɗan Turanci, na ɗora a kan Fillanci da Hausar da na tashi da su. Ban san ranar da abin zai yi amfani ba sai da yaƙi ya zo.

Lokacin yaƙin nan da ya wuce, jiragen ruwa suka daina kawo man shanun Turai. Sai gwamnati ta gina wani gida kusa da hanyar tasha, ta kafa inji a ciki. Da safe ake zuba masa madara tun tana da ɗumi, ya yi ta juyi, ya ware mai gefe guda, ruwan gefe guda. Man a kaɗa shi, a sa gishiri, a cika gwangwani, jirgin ƙasa ya kai barikokin soja da asibitoci da gidajen Turawa. Mutanen gari Gidan Inji suke ce masa. Ni aka ɗauka tafinta, ni ne kuma mai tsayawa bakin ƙofa ina karɓar madarar da aka kawo.

Ni na zaga rugage na yi wa mutanenmu bayani, kuma wallahi da zuciya ɗaya na yi. Na ce musu babu ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa ya kafa inji don abin da ke lalacewa kafin rana ta yi tsaka, sai gwamnati, don ita tana iya jiran riba shekara da shekaru. Na ce musu za a gyara hanya, aka gyara. Na ce za a haƙa rijiya, aka haƙa. Na ce duk garken da ke kawo madara shi za a fara yi wa allurar bushiya, haka kuwa aka yi, kuma tun daga nan cutar ba ta sake share mana garke ba. Ga shi ba ciniki, ba tayi, duk abin da ka kawo an saye, farashi ɗaya. Babbar maganar da ta ja dattawa ita ce jangali: kuɗin madara ya biya harajin shanu, ba sai an kai bijimi kasuwa an karyar da shi don malamin jangali yana tsaye a ka ba. Har gobe ban ce ƙarya na yi musu ba.

To amma akwai abin da ban lura da shi ba, ni da aka haifa a ciki, balle Bature. A danginmu maza ke tatsa. Namiji ya saki maraƙi daga dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa a jiki, ya bar shi ya ɗan sha har saniya ta sako nono, ya janye shi, ya tatsa, sannan ya mayar da shi ya ƙarasa abin da aka bar masa. Amma da zarar madara ta shiga ƙwarya ta zama ta mace. Ita za ta kaɗa, ta fid da mai, ta kai nono kasuwa, abin da ta samu nata ne, da shi take sayen hatsi da gishiri da zanen yara. Ka ga mai hannu a hantsa ba ya cin komai a madarar, shi idonsa na kan maraƙi, don maraƙin shi ne garken gobe. Mai son madara da yawa kuwa ba ita ke tatsa ba, iyakarta ta yi mita. Kullum safiya sai an yi wannan 'yar rigima a kowace ruga, mata na cewa an yi musu rowa, maza na cewa mata za su kashe maruƙa. Da ina yaro dariya abin yake ba ni. Ashe rigimar nan ce ke riƙe da garke.

Ita gwamnati ba ta san mata ba. Wanda ke biyan jangali shi ta sani, shi ne mai shanu a wurinta, saboda haka shi ne mai madara, shi za a miƙa wa kuɗi. Tun ranar farko haka aka tsara, ni kuma na fassara kamar yadda aka faɗa. Sai ya zama hannun da ke tatsa shi ne hannun da ke karɓar kuɗi. Babu sauran mai cewa ya isa haka, a bar wa maraƙi.

A rugarmu, tun rasuwar mahaifina, ƙanensa Baffa Maliki ke riƙe da garke. Ba mugu ba ne, Malam, shi ya yi mini aure. Amma kuɗi ya shiga hannunsa kowane wata, abin da bai taɓa gani ba. Har keke ya saya, bai iya hawa ba, sai dai ya turo shi zuwa kasuwar Bosso ya jingine inda za a gani, da yamma ya tura shi gida. Shekarun nan duka bai sayar da bijimi don jangali ba, kuma in ka ji yadda yake sa wa Gidan Inji albarka sai ka ce ɗansa ne. Matan ruga kuwa aka bar su da ruwan da inji ya tsotse wa mai, muke mayar musu a garwa. Suka gwada kai shi kasuwa, matan ma'aikatan jirgin ƙasa suka ɗanɗana suka yi musu dariya. Yanzu mace sai ta roƙi mijinta kuɗin gishiri, abin da kakanninta ba su taɓa yi ba.

Duk da haka, muddin da damina kawai ake aiki, abin bai ɓaci ba. Ciyawa ta wadata, nono ya ishi inji ya ishi maraƙi. Da rani ya kama sai a rufe gidan, a shafe inji da mai, shanu su gangara fadamun bakin kogin Kaduna wajen Zungeru kamar yadda aka saba, sai ruwa ya sauka su dawo. Manajan farko haka ya yi, wanda ya gaje shi ma haka.

Sai yaƙi ya ƙare, jirage suka dawo da man Turai, aka kuma aiko mana sabon manaja. Ya zo da magana daga sama cewa gidan da ke barci rabin shekara ana biyan ma'aikatansa ba shi da hujja. Bara aka ce a gwada aikin rani. Daga Zungeru madara ba ta isowa da rai, saboda haka aka ce shanu masu tatsa su zauna nan kan tudu, gwamnati za ta kawo musu angurya, wato irin auduga, su ci. Ni na faɗa da bakina. An rubuta neman anguryar, maganar ta hau wani ofis, ta gangara wani, ta koma don an ce ba ofishin da ya kamata ba ne. Ranar da buhunan suka sauka a tasha, ciyawa ta riga ta kai gwiwa.

Ba na son tuna ranin nan. Shanu suka zama ƙashi da fata, hantsa ta motse, ɗan abin da ke ciki kuma an yi alkawarinsa ga inji. Maruƙa suka fara kwanciya a dangwali ba su tashi. Na san rugar da aka naɗe dangwalinta aka rataye a bishiya don babu abin ɗaurawa. Ni kuwa ina bakin ƙofa kowace safiya da farar riga, ina duba madara ko an sirka ta da ruwa.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni sukuni. Mahaifiyata, Inna Dije, tana da saniya guda da muke kira Wule, saboda farin goshinta. Jikar jikar karsanar da mahaifinta ya ba ta ce ranar da aka kawo ta gidan aure. Sauran zuriyar karsanar, bushiya ta kwashe su tun kafin zuwan allura, Wule kaɗai ta rage. A ranin bara maraƙinta ya mutu. Ka san shanunmu, in babu maraƙi a gabansu ba su sako nono. Sai Baffa ya feɗe shi, ya cusa wa fatar busasshiyar ciyawa ya ɗinke, ya barbaɗa mata kanwa, ya riƙa ajiye ta gaban Wule kowace safiya. Ita tana lasa tana ɗan kukan nan da suke yi wa 'ya'yansu, shi yana tatsa. Dabara ce ta dā, ana yin ta in yunwa ta kai ga yaran gida. Ba a taɓa yin ta don gwangwani ba. Inna tana zaune ƙofar bukkarta tana kallo, ba kwana ɗaya ba, ba biyu ba. Madarar kuma hannuna ake miƙo wa.

Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idona ba, in na shigo gaisuwa sai ta juya gefe ta amsa kamar da bango take magana. Haka al'adarmu take, ban taɓa jin zafinta ba, don na san inda sonta yake bi. Kowace ranar kasuwa, tun ina makaranta har na yi iyali, sai ƙwaryar kindirmo ta iso ni ta hannun matan ruga, da curin mai a tsakiya, ko da rani ne, ko da ita ba ta sha ba. Tun daga ranin nan ƙwaryar ba ta sake zuwa ba. Ba ta aiko da faɗa ba, ba ta yi mini baki ba, ba za ta iya ba. Ni ma ba ni da fuskar da zan tsaya gabanta in tambaya. Na fi son a ce zagina ta yi a tsakiyar kasuwa.

Wule ta tsufa, haƙoranta sun cinye. Amma cikin ikon Allah ƙarshen daminar nan ta haihu, mace, mai farin goshi irin nata. Duk mai ido ya san haihuwar ƙarshe ke nan. Kwanan baya Lauratu ta je gaisuwa. Inna ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta dama mata fura. Da Lauratu za ta tafi sai Inna ta kama hannunta ta ja ta zuwa dangwali, suka tsaya kan maraƙar nan. Lauratu ta ce sun daɗe a tsaye, daga nan Inna ta sake ta ta koma bukka. Lauratu 'yar gari ce, ta dawo tana tambayata ko wata al'ada ce ta sallamar baƙo. Na tashi na fita waje don kada yara su ga fuskata.

Ga kuwa abin da ke gabana. Manaja ya kira ni ya ce amsa ta zo daga sama. Ko dai rugage su ɗauki alkawarin zama nan su ba da madara rani duka, bana da kowace shekara, ko a kwance inji a kai wata ƙasa, a sallami kowa. Za a tara ardo-ardo bayan an girbe dawa, ni zan yi musu magana. Na gaya masa abin da ya faru da maruƙa. Ya saurare ni sosai, har ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce ya gane, amma na sama da shi mai suke tambaya, ba su tambayar maruƙa, lafiyar shanu kuma aikin wani ofis ne daban. Ya ce bana angurya za ta zo da wuri. Na dube shi, ya dubi taga. Ni na san kafin wata damina an ɗauke shi an kai wani gari, kamar waɗanda suka gabace shi.

Kada ka ce ai tafinta bututu ne, abin da aka zuba shi ke fita. Mutanenmu ba kalmomin Bature suke saurare ba, muryata suke saurare. In na faɗa da zaƙi, na ambaci jangali da allura da rijiya, Baffa zai fara amsawa, sauran su bi, don kunya ba ta barin Bafillace ya ce a'a gaban baƙo bayan ɗan'uwansa ya ce i. In na faɗa a sanyaye, za su ce sai sun yi shawara, washegari a ga ƙurar shanu ta nufi Zungeru.

In kuwa aka rufe gidan, ba ni kaɗai zan faɗi ba. Akwai Shekwolo, ɗan Gbagyi, shi ke tuƙa injin tun ranar da aka kafa shi. Ya bar wa 'yan'uwansa gonarsa ya shigo gari, bel ɗin inji ya cinye masa yatsun hannun dama, ba zai sake riƙe garma yadda ya kamata ba. Yaransa na makarantar mishan, da albashin nan yake riƙe da su. Kowace kaka sai ya kawo mini doya daga ƙauyensu, ya ce wai don bakina ya ƙara ƙarfi. Ya ji ƙishin-ƙishin, jiya ya tare ni da Hausarsa mai daɗi ya ce shi bai damu ba, tunda ni zan yi maganar ya san an gama. Akwai leburori da masu wankin garwa da masu ɗauko madara a ka, duk haka suke kallona. Rijiyar da allurar ma ban san ko za su tsaya ba in gidan ya tafi.

Shaiɗan ya kawo mini dabaru iri-iri. Wani lokaci in ce zan karkata fassarar, in faɗa wa dattawa da Fillanci su gudu, in faɗa wa Bature da Turanci sun ƙi, ba wanda zai gane. Wani lokaci in ce in saci Wule da 'yarta in kai wa kawunnaina, sauran maruƙa Allah ya ji da su. Wani lokaci in ce in ajiye aikin in bar garin, a nemo wani tafinta ya ɗauki zunubin. Ko wacce na juya sai in ga fuskar wani a ƙarƙashinta. Abinci ya daina yi mini daɗi, man shanu kuwa ko warinsa ba na so, ni da nake wuni a cikinsa.

Malam, kai ka ga duniya. Gidan nan na gwamnati alheri ne ko masifa? In alheri ne, don me zai ci maraƙar uwata? Me zan faɗa ran taron nan?

Naka cikin ƙunci,
Wani Tafinta, Minna.

AMSA

Ɗana Tafinta, na karanta wasiƙarka, na ajiye, na sake ɗauka. Allah ya yaye maka. Ka tambaye ni ko gidan alheri ne ko masifa, to bari mu fara da nan, don sai ka san abin da kake riƙe da shi sannan ka san yadda za ka ajiye.

Abin da ka faɗa wa dattawa tun farko gaskiya ne. Akwai ayyukan da ƙasa ke bukata waɗanda ɗan kasuwa ba zai taɓa ba, ko don ribarsu na nesa, ko don amfaninsu ya watsu kan jama'a ba ya taruwa a aljihun mutum ɗaya. Hanyar jirgin ƙasan da ta mai da Minna gari, wane attajiri zai shimfiɗa ta? Rijiyarku da hanyarku da allurar da ta tsare garkenku, duk ta ƙofar gidan nan suka shigo. Baffanka ma da yake sa masa albarka ba hauka yake ba, duk wanda ya taɓa karyar da bijimi don jangali ya san zafin. Kada baƙin ciki ya sa ka manta wannan.

Sai dai irin wannan gida yana da ciwon da ake haifarsa da shi. Ɗan kasuwa in ya ga maruƙa na mutuwa hankalinsa zai tashi, ko ba don tausayi ba, don ya san baɗi shi zai rasa madara. Manajanku baɗi yana wani gari. Wanda ya aiko da umarni bai taɓa ganin dangwali ba. Mai kula da mai daban, mai kula da shanu daban, mai aiko angurya daban, kowa ya yi aikinsa daidai, maraƙi ya mutu a tsakaninsu ba wanda za a tambaya. Abin takaici, ƙarfin gwamnati shi ne tana iya jure rashin riba na ɗan lokaci don amfanin jama'a, dalilin da ya sa ta shiga aikin ke nan tun farko. In ta ce inji ba zai huta da rani ba don kada a ga asara, ta manta abin da ya kawo ta. Domin shanu da masu shanu aka gina gidan.

Baffanka ma yana da nasa kason. Bature bai san al'adarku ba, shi ya sani. Ba wanda ya riƙe masa hannu a hantsa.

Yanzu dabarunka. Karkata fassara ka cire shi a ranka. Amana ce aka ba ka ta ɓangare biyu, ranar da aka gane, kuma za a gane, ba Bature ba Bafillace babu mai sake yarda da kai, amfaninka ga mutanenka ya ƙare. Ajiye aiki ka gudu kuma ba ya ceton ko maraƙi ɗaya, za a kawo wanda bai san Wule ba ya faɗi maganar da zuma.

Ka je wurin manaja tun kafin taro, da rana tsaka, cikin ladabi. Ka gaya masa za ka fassara maganarsa kalma da kalma, ba ƙari ba ragi, ba za ka sa mata zaƙi ba, kuma in dattawa suka tambaye ka ra'ayinka ko labarin anguryar bara, gaskiya za ka faɗa, ka kuma fassara masa abin da ka faɗa. Ka roƙe shi ya gayyaci likitan shanu na gwamnati ya zauna a taron. Shi aikinsa garke ya yawaita, kuma maganarsa tana hawa inda taka ba ta kaiwa. Ka yi musu magana da abin da ofis ke ji: saniyar da ta rasa maraƙi ƙafewa take, garken da ba maruƙa raguwa yake, in shanu suka ragu jangali ya ragu, injin kansa ya rasa abin sha ko da damina. Mutumin da ya murza ido da ya ji labarinka yana iya neman hujjar da zai aika sama ne bai samu ba. Ka ba shi.

Kada ka je da ƙorafi kaɗai. Ka kawo shawara cewa inji ya huta da rani kamar dā, ma'aikata su yi aikin yankan ciyawa da tara ta tun da kaka, da gyaran hanya da yasar rijiya, don kada a ce albashin banza suke ci. Da damina kuma a miƙa kuɗin madara ga matan da ke da ita. Wannan kaɗai zai mayar da rigimar safiyar nan da ka ce ita ke riƙe da garke. Kuma ka tambayi matan kansu ta bakin wata dattijuwa, kada ka yanke musu. Tafiyar kasuwa da ƙwarya a ka ba hutu ba ce, mai yiwuwa da yawansu su fi son kawo wa inji in hannunsu zai karɓa.

Shekwolo kuwa, ka daina barinsa yana dogara da kai a kan abin da ba ka da niyyar yi. Ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiya tun yanzu. Zai ji zafi, yana iya daina gaishe ka. Amma mutumin da ya iya inji ba ya rasa mai nema a garin jirgin ƙasa, in ya fara tambaya da wuri. Ka taka da ƙafarka ka taya shi nema, kai ke da Turanci.

Game da Wule, ka ce sata. Ba a satar abin uwa a kai inda take so. Saniyarta ce, daga gidan ubanta zuriyar ta fito, Baffa riƙo kawai yake yi. Ka tura Lauratu ta nemi izininta, ka je da safe idon kowa, ka gaya wa Baffanka da girmamawa, ka kora saniyar da 'yarta ka haɗa su da garken da ke gangarawa kogi. Ba sai ka keta kunyar da ke tsakaninka da Inna ba. Ita da aiki ta yi maka magana, kai ma da aiki za ka amsa. Amma kada ka ɗauka in ka fid da taka ka gama, sauran maruƙan ma suna da masu zama ƙofar bukka suna kallo.

Ba zan yaudare ka ba. Kana iya yin duk wannan a ƙi ji, a kwance inji, ka rasa aikin, mutanen da kuka yi shekaru tare su ce kai ka kashe musu abinci. Ba ni da maganin wannan. Abin da na sani, gwamnati in ta rufe gida yau tana iya buɗe wani gobe da umarni ɗaya. Wule ba za ta sake haihuwa ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Wasiƙarka ta daɗe a hanya kafin ta iso teburina, dawa tuni ta shiga rumbu. Ban sani ba ko an riga an yi taron, ban san muryar da ka yi magana da ita ba. In ka riga ka sa zaƙi dattawa suka amsa, to ka koma ruga-ruga, ka warware da bakin da ka ɗaura, ka sanar da manaja ka yi haka, tun fadamun kogi ba su cika da shanu ba. Kada ka jira ranar kasuwa, kada ka jira ƙarshen wata. Ka ninke jaridar nan ka kama hanyar Bosso yau, jaririyar maraƙa ba ta daɗewa a kan yunwa.

Allah ya sa ka tarar da ita a tsaye. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya buɗa maka, ya buɗa wa Shekwolo.